Jinya, Gashi ko Ilimin Zamantakewa: Ina Mai Son Aiki da Tsofaffi Zai Dosa?

Ɗiyar ƙanwata ce ta tayar da maganar, wata Juma'a bayan la'asar, muna zaune a tsakar gida a Ƙofar Sauri ana tuƙa tuwon dare. Lokacin cike fom ɗin JAMB ya matso, ƙawayenta kowacce ta san abin da za ta rubuta, ita kuwa sai ta dube ni ta ce, "Kawu, ni fa aikin tsofaffi nake so. Wane kwas ne nasu?" Uwarta ta yi dariya ta ce ai wannan ba sai an je jami'a ba, ga Hajiya nan a ɗaki. Ni ban yi dariya ba, don na san inda yarinyar ta samo abin. Ita ce ta yi wata 7 tana kwana a ɗakin kakarta Hajiya bayan ɓarin jikin tsohuwar ya shanye.

Fannin akwai shi, kuma reshe biyu gare shi, mutane na yawan haɗa su wuri guda. Na farko ilimin tsufa, wanda a jami'a ake kira jerontoloji. Shi yana nazarin tsufa gaba ɗayansa: yadda jiki ke sauyawa, yadda tunani ke sauyawa, matsayin tsoho a gida da gari, kuɗin fansho, dokoki. Na biyu likitancin tsofaffi, reshe ne na aikin likita, ciwo da magani ya shafa. Wanda ya karanta na farko ba zai rubuta wa kowa magani ba. Abin da ya fi shafar ɗalibin da ya gama sakandare a Katsina ko Daura shi ne, a Najeriya duka biyun galibi sai bayan digirin farko ake shiga su. Wato ba ƙofa ba ce da ake buɗewa kai tsaye daga zaure, sai an bi ta wani ɗaki. Tambayar gaskiya ke nan: ta wane ɗaki za a bi?

Likita zan fara sallama, don lissafinsa a fili yake. Shekara 6 a jami'a, shekara guda ta sanin makamar aiki, hidimar ƙasa, sannan shekarun ƙwarewa a fannin cututtukan manya ko likitancin iyali, daga nan ne mutum zai karkata ga tsofaffi. Cibiyar farko da aka keɓe wa tsofaffi a ƙasar nan tana asibitin koyarwa na Ibadan, mai ɗauke da sunan Cif Tony Anenih, an buɗe ta a 2012. Wanda Allah ya ba makin da haƙurin, ga hanya nan, kuma ana buƙatarsa ƙwarai. Amma mafi yawan masu yi mani irin wannan tambaya ba can suka nufa ba. Tsakanin jinya, gashi (wato gashin ƙashi na asibiti, fisiyoterafi) da ilimin zamantakewa suke kai-komo.

Da aka sallame mu daga asibiti da Hajiya, takardar magani aka ba mu da ranar dawowa. Babu wanda ya zaunar da mu ya ce a riƙa juya ta duk bayan awa 2. Mu kuwa a ganinmu barinta ta kwanta lafiya lau shi ne tausayi. Cikin 'yan makonni miki ya buɗe a ƙugunta, ya ci mana kuɗi da hankali fiye da hawan jinin da ya kawo ciwon. Wata nas da muke unguwa ɗaya ce ta zo ta wanke mikin, ta nuna mana yadda ake sa matashi tsakanin gwiwoyi, ta ce a daina barin zani a jiƙe ƙarƙashinta. Daga nan na fahimci abin da jinya take nufi ga tsoho. Nas ce ke ganin abin da likita ba ya tsayawa ya gani: fatar da ta fara ja, fitsarin da ya ragu, tsohuwar da ta daina neman ruwa. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, kuma duk wanda ya san zafin Katsina na watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, ya san abin da hakan ke jawowa. Nas ɗin da ta san aikinta ita za ta bambance gigin tsufa, wanda ke shigowa a hankali cikin watanni da shekaru, da ruɗewar da ke aukowa dare ɗaya saboda ciwon mafitsara ko bushewar jiki. Na biyun ana warkewa in an kama shi da wuri. A gidajenmu kuwa duka biyun suna ɗaya muke ba su, mu ce tsufa ne, wani gidan ma a ce iska ce a nufi mai ruƙiyya.

Hanyar jinya biyu ce. Akwai digiri na shekara 5, kamar a Jami'ar Bayero ta Kano ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sai shekara guda ta sanin makamar aiki. Akwai kuma kwalejin jinya, irin ta jiha da ke nan Katsina, wadda aka saba yi a shekara 3, ko da yake kwalejoji da dama sun koma tsarin ND da HND. Ko ta ina aka bi, sai an ci jarrabawar majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa kafin a sami lasisi. Wannan lasisin shi ne ƙarfin jinya. Da shi ake neman aiki a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, da manyan asibitocin jiha, da na kuɗi, kuma ko ba a ɗauke ka ba, gidajen da ke da tsoho a kwance suna neman mai zuwa ya canza robar fitsari, ya wanke miki, ya auna sukari, su biya shi.

Sai dai in faɗi abin da ba a faɗa wa yara. Karatun jinya a nan ya fi ba da ƙarfi ga mai ciki da jariri da cututtukan da ake ɗauka, kuma da dalili, don nan mutuwa ta fi yawa. Rabon tsoho a manhaja kaɗan ne. Bayan haka nas ba ta zaɓar ɗakin da za a kai ta. Wadda ta shiga don tsofaffi tana iya shafe shekaru a ɗakin haihuwa ko na yara. Ga aikin dare, wanda wasu gidajen aure ba sa ɗauka. Wadda za ta bi wannan hanya ta sa a ranta cewa ƙwarewa a kan tsofaffi da kanta za ta nemo ta daga baya.

Yanzu gashi. Sunan da muka ba shi ya rage masa daraja, don wanda ya ji "ɗakin gashi" sai ya hango fitila mai zafi a kan gwiwa, shi ke nan. Zafin ƙaramin abu ne a aikin. Babban aikin shi ne mayar da mutum ga abin da ya saba yi da jikinsa. Mai gashin da ya riƙa zuwa wa Hajiya bai zo da wata na'ura ba. Ya koya mata juyawa da kanta, sannan zama a bakin gado, sannan miƙewa tana dafe da bango. Ya tambaye mu tsawon gadon, ya leƙa banɗaki ya ga na tsuguno ne, ya ce a samo kujera mai rami, a kuma kafa ƙarfen dafawa a bango. Ya ce a ɗauke tabarmar da gefenta ya naɗe a bakin ƙofa. Ban taɓa kawo wa raina cewa tabarma na iya karya ƙugun tsoho ba, alhali karayar ƙugu tana daga cikin abubuwan da ke kwantar da tsoho kwanciyar da ba ya tashi. Ya zauna da ita suka tsara yadda za ta yi alwala da hannu ɗaya, da yadda za ta yi salla a zaune har jiki ya ƙara ƙwari. Kuma shi ne ya gaya mana cewa bayan shanyewar ɓarin jiki, mafi yawan abin da zai dawo cikin wata 3 zuwa 6 na farko yake dawowa, don haka duk ranar da aka bari ta wuce a kwance asara ce. Wannan tunani, cewa tsoho a tashe shi ba a bar shi a gado ba, shi ne tushen likitancin tsofaffi na zamani. Wata likita a Ingila, Marjory Warren, da shi ta yi suna tun a shekarun 1930, ta riƙa tayar da tsofaffin da aka fid da rai da su har wasu suka koma gida.

In ana maganar wanda kullum hannunsa ke jikin tsoho, ban ga wanda ya kai mai gashi ba. Shiga ɗakin gashi na kowane babban asibiti ka ƙirga: shanyewar jiki, ciwon gwiwa, ciwon baya, karaya, yawancinsu furfura ce. Ba sai an tura shi ɗakin tsofaffi ba, su ne ke zuwa wurinsa. Kuma aiki ne da mutum zai iya ɗauka a jaka ya shiga gida gida, wanda ya dace da yadda muke riƙon tsofaffinmu.

Wahalarsa tun daga ƙofa take. Gurbi kaɗan ne, masu nema da yawa. Mafi shahara kusa da mu shi ne na Jami'ar Bayero, wato sai an bar gida an tafi Kano. Shekara 5 ne a tsohon tsari, sabon tsarin da hukumar jami'o'i ta amince da shi ya kai 6, sai shekarar sanin makamar aiki da rajista da hukumar da ke kula da masu wannan sana'a. Darussan JAMB iri ɗaya ne da na jinya, Ingilishi da Fizik da Kemistiri da Bayoloji, saboda haka wanda bai yi ajin kimiyya ba duka ƙofofin nan biyu a rufe suke gare shi. Sannan guraben aikin gwamnati ba su kai na nas ba. Ƙaramin asibitin ƙauye yana buƙatar nas, amma da wuya ya ɗauki mai gashi. Ga kuma gogayya da mai ɗori da mai maganin shafawa, waɗanda mutane suka riga suka yarda da su tun kaka da kakanni. Mai gashin da ba ya iya zama ya yi wa dattijo bayani cikin ladabi, da Hausar da zai gane, zai ga majinyacinsa ya zo sau biyu ya ɓace.

Akwai wani abu da ya shafi jinya da gashi baki ɗaya wanda ba a koyarwa a aji, wato kunya. Hajiya ta ɗauki kwanaki kafin ta yarda namiji ya kama mata kafaɗa, kuma sai da jikarta a gefe. Wanka da tsarki kuwa ba a ma kawo zancen ba. Ta ɓangaren maza abin ya fi tsauri. Dattijon da matarsa ta rasu, 'ya'yansa maza suna Abuja ko Legas, wa zai taɓa shi? Matar ɗansa suruka ce, ko ido ba sa haɗawa. Ɗan fari ma akwai alkunya tsakaninsu. Shi ya sa a gidajenmu jinyar ke faɗawa kan jikoki, don wasan jika da kaka ya riga ya kawar da shamaki: jika zai ce wa kakansa "tashi, malalaci" a yi dariya, ɗa bai isa ba. Abin da wannan ke nufi ga mai zaɓen kwas shi ne, mata tsofaffi na jiran mata masu gashi, maza tsofaffi na jiran maza nas-nas. Saurayin da ke jin jinya aikin mata ne ya sake tunani, domin akwai ɗakunan da shi kaɗai za a bari ya shiga.

Ilimin zamantakewa shi ne ƙofar ɗan ajin fasaha, kuma shi ne mafi kusa da gida. Jami'ar Umaru Musa Yar'adua tana koyar da shi, haka ma Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, shekara 4 ne, ba sai an yi nisa ba. A nan ma a bambance abu biyu. Ilimin zamantakewa nazari ne, yana koya maka ka ga yadda al'umma ke tafiya. Aikin jin daɗin jama'a kuwa sana'a ce, ana koyon yadda za a zauna da iyali a warware matsala, kuma sassansa da suka daɗe sun fi yawa a kudu, kamar Nsukka da Ibadan.

Kada a raina abin da wannan fanni ke gani. Duk wata 7 ɗin da muka yi, abin da ya fi tayar da jijiyar wuya a gidanmu ba mikin ba ne, tambayoyin wa zai biya, wa zai kwana, wa ya yi kwana nawa bai leƙo ba. Tsohon ma'aikacin da ya ajiye aiki a shekara 60, ko bayan shekara 35 yana yi, ya koma bin layin tantancewa da sanda a hannu, ba nas ke warware masa ba. Haka tsohuwar da rikicin 'yan bindiga ya raba da gidanta a Batsari ko Jibiya, ta dawo birni tana raɓe a gidan dangi, ba gona ba tumaki. Haka gwauruwar da aka raba gado aka sayar da gidan da take ciki. Muna alfahari cewa mu ba ma kai iyayenmu gidan gajiyayyu, kuma gaskiya ne, abin kunya ne a wurinmu. Amma alfaharin yana rufe tambayar wa ke ɗauke da nauyin a zahiri, kuma sau da yawa amsar ita ce wata yarinya da ta rasa zangon karatu guda. Mai ilimin tsufa na gaske daga irin wannan tambaya yake farawa, kuma ta wannan ƙofa digiri na biyu a fannin ya fi sauƙin shiga.

Ta fuskar hukuma ma ƙasa ta fara motsi. Marigayi Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018, aka naɗa Dakta Emem Omokaro shugabarta ta farko a 2021, kuma a shekarar ce gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2021 zuwa 2030 don tsufa cikin ƙoshin lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta yi hasashen cewa zuwa 2030 mutum 1 cikin 6 a duniya zai kasance ya kai shekara 60. A Najeriya masu wannan shekaru kusan kashi 5 cikin 100 ne, wanda a ido kaɗan ne, amma a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 miliyoyi ne.

To amma takarda daban, albashi daban. Wanda ya gama ilimin zamantakewa ba shi da lasisin da zai rataya a bango, kuma zai fito ya tarar da dubban masu irin takardarsa. Guraben da suka shafi tsofaffi kai tsaye, a ma'aikatu da sashen jin daɗin jama'a na asibiti da ƙungiyoyin agaji, ba su da yawa, kuma ƙungiyoyin ma kuɗinsu ya fi karkata ga yara da mata. Na fi ba da shawarar wannan hanya ga wanda ke son bincike da rubutu, wanda ya shirya ya wuce digiri na biyu, kuma yana da abin dogaro kafin nan. Wanda gida ke jiran ya gama ya fara kawo cefane, ya yi lissafi da kyau.

Akwai ƙaramar ƙofa da bai kamata a tsallake ba. Makarantun koyon aikin lafiya na Daura da Kankiya suna horar da ma'aikatan lafiyar al'umma, CHEW a shekara 3. Kuɗin ya fi sauƙi, ga kusa. Kuma a ƙauye su ne ke fara auna jinin tsoho, su ne za su ce masa maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi, su ne za su ba mai ciwon sukari shawara kafin azumi. Matakin ci gaba a aikin bai kai na mai digiri ba, wannan a sani.

Masu tunanin fita waje kuma su lura. A 2022 Birtaniya ta buɗe bizar masu kula da tsofaffi, mutanenmu da dama suka tafi. A 2024 ta hana su tafiya da iyali, a Yulin 2025 ta rufe ƙofar ga sababbin masu nema daga waje. Wanda ya gina shirinsa kan wannan biza ya ga yadda ta kaya. Nas da mai gashi masu lasisi hanyarsu daban ce, ita ma da nata jarrabawoyin.

Ni in an matsa mani, ga ɗan kimiyya da tsofaffi ne zalla a ransa, gashi zan nuna masa. Wanda ya fi buƙatar tabbacin aiki da wuri, ko ba zai iya barin Katsina ba, jinya. Ilimin tsufa a matsayin digiri na biyu yana hawa kan kowanne daga cikinsu ya zauna daram, kuma wanda ya zo masa da shekarun aiki a hannu ya fi wanda ya zo da littafi kaɗai fahimtar abin da ake faɗa.

Ban gaya wa yarinyar wannan nan take ba. Tambayarta na yi, a cikin wata 7 ɗin nan, wace rana ce ba ta mantawa. Na zaci za ta ce ranar da mikin ya rufe. Sai ta ce ranar da Hajiya ta karɓi kofin koko da hannun da ya mutu, ta kai baki, rabi ya zube a zani, ta ce kada wanda ya taimake ta. Na ce to, ke kin riga kin zaɓa. Ta rubuta gashi a Bayero, ta ce za ta nemi kwalejin jinya ta nan gida ko da makin bai kai ba. Uwarta har yanzu zancen zaman Kano bai kwanta mata ba, babanta ya ce a bari sakamako ya fito tukuna. Hajiya kuwa da aka kai mata labari cewa ta yi, in dai wannan ce za ta riƙa miƙar da mutane, to Allah ya ba su haƙuri, don ita ta ɗanɗana.